Karatun Harkar Gidaje da Filaye a Jami'a: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da aka fara cike fom ɗin JAMB, ɗalibai da iyaye sukan yi ta tambaya a kan kwas ɗin harkar gidaje da filaye. Wasu dillanci suke ɗaukarsa, wasu awon fili, wasu kuma sai da aka ba su shi a madadin zanen gine-gine suka fara jin sunansa. Ga amsoshin abubuwan da aka fi tambaya, bisa tsarin Najeriya.

Wane kwas ne wannan, kuma me mutum yake zama idan ya gama?

A takardun JAMB sunansa Estate Management, wasu jami'o'i kuma suna rubuta Estate Management and Valuation. Ginshiƙinsa shi ne ƙiyasta darajar kadara: a kawo gida, ko fili, ko masana'anta da injinanta, ka faɗi nawa take a kasuwa a rana kaza, ka rubuta hujjarka, ka sa hannu, kuma ka iya kare abin da ka rubuta a gaban banki ko alƙali. Sauran darussan duk wannan aiki suke yi wa hidima. Ana koyar da dokar ƙasa saboda darajar gida tana rataye da ingancin takardarsa. Ana koyar da gini saboda wanda bai san bambancin tsagewar fenti da tsagewar tushe ba zai yi wa ruɓaɓɓen gida kuɗin lafiyayye. Sai tattalin arziki, da tsara birane, da haraji, da kula da gidajen haya da manyan gine-gine, da nazarin ko aikin gini zai fitar da riba kafin a zuba kuɗi.

Wanda ya gama ya kuma yi rajista shi ne ƙwararren mai ƙiyasta kadara, kuma za ka ga haruffan ESV a gaban sunansa.

To ai dillalai suna sayar da gidaje ba tare da digiri ba. Mene ne amfanin shekara biyar?

Dillali yana haɗa mai saye da mai sayarwa ya karɓi la'adarsa, kuma sana'a ce mai daɗaɗɗen tarihi a ƙasar Hausa. Gogaggen dillali a Kano ko Kaduna ya san farashin layi-layi fiye da ɗalibin da ya fito jiya, kuma duk mai ƙiyasin da ya raina dillalai kansa ya cuta, domin a wurinsu labarin ciniki yake.

Bambancin yana wajen sa hannu. Banki ba zai ba da bashin miliyoyi a kan maganar baka ba. Kotu, da kamfanin inshora, da masu binciken asusun kamfanoni, da gwamnati idan za ta biya diyya, duk rubutaccen rahoto suke nema mai ɗauke da hatimin wanda doka ta amince da shi. Doka mai lamba 24 ta 1975 ce ta kafa hukumar ESVARBON, ta ba ta ikon yi wa masu wannan aiki rajista da hukunta su idan sun saɓa. Idan dillali ya yi kuskuren farashi, ciniki ne ya lalace. Idan mai hatimi ya kumbura kuɗin gida banki ya yi asara, ana iya kai shi kotu, ana iya soke rajistarsa. Shekara biyar ɗin shiri ne na ɗaukar wannan nauyi. Wanda burinsa la'ada kawai ba ya buƙatar wannan digiri, gara a gaya masa tun yanzu.

Shi ne safiyo mai awon fili?

A'a. Safiyo yana auna iyaka, ya kafa duwatsun shaida, ya zana taswirar fili, kuma hukumarsa SURCON ce. Mai lissafin kayan gini da kuɗinsa kwas ɗinsa daban, mai tsara birane daban, mai zanen gini daban. Galibi tsangaya ɗaya suke, ta nazarin muhalli, suna haɗuwa a wasu darussan aji ɗaya da aji biyu, daga nan kowa ya kama hanyarsa.

Waɗanne jami'o'i ne suke koyar da shi?

Jami'ar Najeriya ce ta fara, a harabarta ta Inugu, daga baya Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife da Jami'ar Legas suka biyo. A Arewa akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi, da Jami'ar Bayero da ke Kano, da Jami'ar Jos, da Jami'ar Ilori, da Jami'ar Jihar Kaduna. Jami'o'in fasaha B.Tech suke bayarwa, sauran B.Sc, kuma wajen rajista babu bambanci tsakaninsu.

Abin da ya fi sunan jami'a muhimmanci shi ne amincewa iri biyu. Ta farko ta Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC. Ta biyu ta ESVARBON. Sashe yana iya samun ta farko bai samu ta biyu ba, musamman sabon sashen da bai daɗe da fara yaye ɗalibai ba. Ɗalibi ba ya jin zafin wannan sai ya je neman rajista, a ce sai ya zauna ƙarin jarrabawar da abokansa na wata jami'a aka ɗauke musu. Kafin ka zaɓa, ka je sashen da ƙafarka ko ka tura wani, ka tambayi yaushe hukumomin biyu suka zo tantancewa ta ƙarshe da abin da suka yanke. Ka kuma tambayi malamai nawa ne a sashen suke da rajista. Malamin da bai taɓa sa hannu a rahoto ba zai iya koya maka lissafin, amma ba zai iya nuna maka inda ake zamewa ba.

Waɗanne darussa ake nema a sakandare da JAMB?

Kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, a zama bai wuce biyu ba. Turanci da Lissafi dole ne, kuma kusan ko'ina ana neman Tattalin Arziki. Ragowar biyun daga darussa irin su Labarin Ƙasa, Fizis, Kimistiri, Bayoloji ko Zanen Fasaha. A JAMB abin da aka saba shi ne Turanci, Lissafi, Tattalin Arziki da wani darasi ɗaya.

Inda ɗalibai suke faɗawa rami shi ne wannan darasi na huɗu. Jami'o'in fasaha sun fi karkata ga Fizis ko Kimistiri, don haka ɗalibin ajin kasuwanci da ya ci maki mai kyau yana iya rasa gurbi a can alhali wata jami'a za ta karɓe shi. Ka buɗe kundin JAMB na shekarar da kake nema, ka karanta sharaɗin jami'ar da ka zaɓa ita kanta, kada ka dogara da abin da mai shagon kwamfuta ya cike wa wani bara.

Shekara nawa ne, kuma yaya aka jera karatun?

Shekara biyar ga wanda ya shiga ta JAMB, huɗu ga mai shiga kai-tsaye aji biyu da difiloma ko IJMB. Aji ɗaya shimfiɗa ce: lissafi, tattalin arziki, zane, kimiyya. A aji biyu ake fara ƙiyasi, da fasahar gini, da awon ƙasa, da akanta, da tushen doka. Aji uku shi ne mai nauyi, domin a nan lissafin ƙiyasi da dokar ƙasa da haraji suke haɗuwa a zango ɗaya, kuma a nan ne sakamakon mutane da yawa yake karyewa. A aji huɗu ana yin zango ɗaya a makaranta, ɗayan a wurin koyon aiki. Aji biyar na ƙiyasi mai zurfi ne, da ƙiyasin injina, da nazarin zuba jari, da ladubban sana'a, da kundin bincike.

Ba ni da ƙarfi a lissafi. Zan iya?

Lissafin bai kai na injiniya ba, amma ba ya ƙarewa. Idan ka fahimci kaso cikin ɗari, da yadda kuɗi yake haihuwa shekara bayan shekara, da dalilin da ya sa naira ɗaya ta yau ta fi naira ɗaya ta baɗi, ka samu tushe. Hanyoyin ƙiyasi biyar ne, ga yadda suke don ka auna kanka.

Ta farko kwatance. Ka nemo gidajen da aka sayar kwanan nan masu kama da naka, ka daidaita bambancin girma da wuri da lafiyar gini da irin takarda. Ita ce mafi sauƙi a allo, mafi wuya a titi, saboda a ƙasar nan ba a cika bayyana kuɗin gaskiya ba. Mai sayarwa yana faɗin kuɗin da ya sa, ba wanda aka sallama ba, wani lokaci kuma ana rage adadi a takarda don gudun haraji. Dole kuma ka mayar da komai ma'auni ɗaya: fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100 kusan murabba'in mita 465 ne, hekta ɗaya kuwa 10,000. Abin da ake kira fuloti a wata unguwa bai kai na wata ba, don haka ba a kwatanta fuloti da fuloti, sai mita da mita.

Ta biyu ta gidan haya ce. A ce gida yana kawo naira miliyan 3 a shekara, gyara da kulawa da kuɗin ƙasa suna cin 600,000, saura miliyan 2.4. Idan masu zuba jari a wannan yanki suna neman kashi 8 cikin ɗari, sai ka ninka miliyan 2.4 ɗin da 12.5, wato 100 a raba da 8, darajar ta zama miliyan 30. Da ka ɗauki kashi 10, miliyan 24 za ka samu. Da ka ɗauki kashi 6, miliyan 40. Gida ɗaya ne, haya ɗaya ce, amma tsakanin amsoshin akwai miliyan 16. Duk ƙwarewar tana wajen zaɓen wannan kaso da kawo hujjarsa daga kasuwa, kuma kwamfuta ba za ta zaɓa maka ba.

Ta uku ta gine-ginen da ba a saba sayarwa ba ce, kamar makaranta ko asibiti: kuɗin fili, a haɗa da kuɗin gina irinsa sabo yau, a cire tsufa da lalacewa. Sababbin ma'aikata suna son wannan hanya don tana da sauƙin cikewa, har su yi amfani da ita a gidan zama. Kuskure ne babba. Wanda ya kashe miliyan 200 ya gina katafaren gida a ƙauyen da babu mai saye, kasuwa ba ta san abin da ya kashe ba.

Ta huɗu ta wuraren da darajarsu take cikin cinikinsu ce, kamar gidan mai da otal, inda ake bin littafin asusu a fitar da hayar da kasuwancin zai iya biya.

Ta biyar ta filin da za a gina ce. A ce za a yi gida huɗu a sayar da kowanne miliyan 40, jimla 160. Gini da kuɗin ƙwararru da sauran ɗawainiya miliyan 110, ribar mai aikin miliyan 24. Abin da ya rage, miliyan 26, shi ne iyakar abin da filin zai iya ɗauka, kafin ma a cire kuɗin takardu. Siminti da rodi su tashi, wannan miliyan 110 ta ƙaru da kashi 10 kacal, ragowar ta faɗo miliyan 15. Wannan ne dalilin gine-gine da yawa da ake gani sun tsaya a linta.

Idan ka bi waɗannan misalai ba ka ɓace ba, za ka iya.

Me ya kawo doka da yawa haka a kwas ɗin da ba na lauya ba?

Saboda a Najeriya ba ƙasa ake saya ba, haƙƙin zama a kanta ake saya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma an cusa ta cikin tsarin mulkin 1999, shi ya sa gyara ta yake da wuya. A Arewa tsarin ba baƙo ba ne, domin Dokar Mallakar Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta riga ta tafi a kan wannan turba. Satifiket ɗin mallaka na gidan zama galibi shekara 99 ne. A karkara ƙaramar hukuma ce take ba da haƙƙin gargajiya, a Abuja kuma ministan birnin ne yake tsaye a matsayin gwamna.

Sassa uku na dokar 1978 ne ɗalibi zai haddace kamar sunansa. Sashe na 22 ya ce ba a sayarwa ko jinginar da haƙƙin da gwamna ya bayar sai da amincewarsa. A shari'ar bankin Savannah da Ajilo ta 1989 Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka yi ba tare da wannan amincewa ba, bankin ya rasa madogararsa. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon karɓe ƙasa don amfanin jama'a. Sashe na 29 ya faɗi yadda ake biyan diyya, kuma a nan ne ake yawan kuka: abin da aka gina ko aka shuka ake biya, gini a kan kuɗin sake shi bayan an cire tsufa, amma ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta na kasuwa. Manomin da aka karɓe wa gona don hanya, idan ba a ƙirga itatuwansa da rijiyarsa da shingensa daidai ba ranar ƙidaya, ya yi asarar da ba ta dawowa. Mutanen gari suna da damar ɗaukar nasu mai ƙiyasin ya tsaya musu, kuma ƙauyuka da yawa ba su san da haka ba.

Dokar ta kuma tanadi cewa kwamitin da yake ba gwamna shawara kan rabon filaye ya ƙunshi aƙalla mutum biyu masu wannan ƙwarewa da suka yi shekara biyar suna aiki, tare da lauya.

Sai dokar haya. Ƙa'idar da aka saba, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, ita ce notis na wata shida ga mai biyan shekara, wata ɗaya ga mai biyan wata, sannan notis na kwana bakwai kafin a shigar da ƙara. Kowace jiha da dokarta, ka karanta ta jiharka. Cire rufi ko ƙofa don korar ɗan haya laifi ne, kuma wakilin da ya ba da wannan shawara ya jefa mai gida a ƙarar da zai biya diyya.

Yaya zan ci moriyar koyon aiki na aji huɗu?

Wata shida ne a ƙarƙashin shirin SIWES da hukumar ITF take kula da shi, kuma a ra'ayinmu ya fi kowane zango tasiri. Kuskuren da aka fi yi shi ne neman wurin da ba a matsawa: ma'aikatar da za a sa maka hannu a littafi kana gida, ko ofishin wani kawu da ba ruwansa da harkar. Ka nemi ofishin mai rajista wanda bankuna suke ba aiki. Ka fara nema tun kana aji uku, domin gurabe kaɗan ne a Kano da Kaduna, Abuja kuma sai kana da wurin kwana.

Kafin ka fito, ka tabbata ka yi waɗannan da hannunka: ka auna gini da tef ka zana shi, ka bi fayil a ofishin filaye irin su AGIS a Abuja ko KADGIS a Kaduna ko KANGIS a Kano, ka rubuta rahoton ƙiyasi daga farko har ƙarshe ko da oga zai yage shi, ka lissafa kuɗin hidima na gidan haya mai mutane da yawa, ka kuma halarci zaman kotun haya sau ɗaya. Ka buɗe littafinka na kanka, ka riƙa rubuta duk ciniki da hayar da ka ji, da wuri da kwanan wata da girman fili da wanda ya gaya maka. Bayan shekara biyar wannan littafi zai fi satifiket ɗinka kawo maka aiki.

Kwalejin kimiyya da fasaha fa? ND da HND suna kai mutum?

Suna kaiwa. Kaduna Polytechnic da kwalejojin tarayya na Bida da Nasarawa da Bauchi sun daɗe suna yaye ɗalibai a wannan fanni, kuma hukumar NBTE ce take tantance su. ND shekara biyu, shekara ɗaya ta aiki, HND shekara biyu. Ɗalibansu sukan fi sabawa da tef da zane. Hanyar rajistarsu ta fi tsawo kaɗan saboda akwai jarrabawar ƙungiyar masu sana'ar, NIESV, da za su zauna. Mai ND mai sakamako mai kyau yana iya tsallakawa jami'a kai-tsaye.

Na karɓi digiri. Na zama mai ƙiyasi ke nan?

Tukuna. Hukumomi biyu ne a gabanka. NIESV ƙungiyar masu sana'ar ce, an kafa ta a 1969. ESVARBON hukumar gwamnati ce mai ba da lasisi. Matakan su ne: ka yi hidimar ƙasa, ka shiga NIESV ta reshen jiharka a matsayin mai neman ƙwarewa, ka yi aƙalla shekara biyu a ƙarƙashin mai rajista kana cike littafin aikin da yake sa wa hannu, ka rubuta nazari a kan wani aiki na gaske da ka yi, ka zauna gaban kwamiti su yi maka tambayoyi. Idan ka haye ka zama cikakken ɗan ƙungiya mai haruffan ANIVS, sannan ka nemi rajistar ESVARBON, wadda take ba da hatimi da lamba. Bayan nan akwai kuɗin shekara da tarukan ƙarin ilimi na dole.

Mutane da yawa a nan suke maƙalewa. Sun samu aiki a banki ko ma'aikata, sun ce sai baɗi, har shekara goma ta wuce. Wasu kuma sun yi shekarun amma duk a karɓar haya, ranar tambayoyi a ce su kare kason da suka zaɓa a ƙiyasi su rasa ta cewa. Ka yi rajistar farko tun kana hidimar ƙasa, ka roƙi a tura ka ofishin mai rajista ko ma'aikatar filaye, kuma ka matsa a riƙa juya ka tsakanin ƙiyasi da kula da gidaje da ciniki.

Abu ɗaya da ba a yi ko kusa: ara hatimin wani, ko ba da naka aro. Mai hatimin ne yake amsa tuhuma a kan gidan da bai taɓa gani ba.

Ina ake samun aiki?

Ofisoshin masu ƙiyasi masu zaman kansu, ma'aikatun filaye na jihohi da na tarayya, sashen bashi da sashen kadarori na bankuna, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, Hukumar Gidaje ta Tarayya, kamfanonin gina rukunin gidaje, kamfanonin sadarwa masu hayar filin dogon ƙarfe, kamfanonin inshora, da kula da manyan kasuwanni da asibitoci da jami'o'i. Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce albashin farko a ofisoshi masu zaman kansu ƙarami ne, wani wurin ma rabinsa kaso ne daga abin da ka kawo. Abin yana gyaruwa ne bayan rajista da sanin mutane. Ayyukan sun fi yawa a Legas da Abuja da Fatakwal, amma masu rajista sun yi ƙaranci a jihohin Arewa da yawa, har akan ɗauko mutum daga wata jiha ya yi ƙiyasin diyya.

Akwai riba a cikin lissafin. Musulmi zai iya wannan aiki? Kuma yana da amfani a rabon gado?

Kason da ake amfani da shi a ƙiyasi ma'auni ne na abin da kadara take kawowa idan an kwatanta da kuɗinta, kuma haya halal ce. Batun aiki a sashen bashin banki mai ruwa kuwa tambaya ce ta malamai, ka kai musu ita da cikakken bayanin aikin. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ da Lotus, su ma suna buƙatar ƙiyasi, domin murabaha, wato banki ya sayi kadara ya sayar maka da sananniyar riba, da ijara, wato ya ba ka ita haya, duk a kan kadara ta zahiri suke tsayawa.

Gado kuwa fage ne babba da ɗalibanmu ba su cika lura da shi ba. Alƙali ya san rabon kowa, tumuni da sudusi da na namiji da na mace. Abin da yake raba zumunci shi ne kuɗin da aka yi wa kowane gida. A yi wa gidan bakin titi da na cikin lungu kuɗi kusan ɗaya, a ba babban wa na titi, a tura mata da marayu lungu, lissafin fiƙihu ya fita daidai amma an ci haƙƙi. Ɗalibin da ya haɗa wannan digiri da sanin mirasi da shuf'a, wato haƙƙin abokin tarayya na riga kowa sayen kason da aka sayar, da hukuncin waƙafi a mazhabar Malikiyya zai yi wa jama'arsa aikin da mutane kaɗan ne suke iyawa. Manhajar jami'a ba ta zurfafa a nan, sai ka nema a zaure.

Mace za ta iya?

Ƙwarai. Akwai mata masu rajista da masu ofisoshin kansu da malamai a sassan jami'o'i. A garuruwanmu ma akwai gidajen da namiji baƙo ba zai shiga ɗakunansu ya auna ba, ita kuwa za ta shiga. Fita duba gini ba a yin ta mutum ɗaya, mace ko namiji, saboda tef yana son mutum biyu, tsaro ma haka.

Waɗanne kurakurai ne sababbin ma'aikata suka fi yi?

Na farko, rubuta rahoto daga hoto. Gani ya kori ji. An sha kai mai ƙiyasi wani gida mai kyau alhali takardar ta wani kango ce a bayan layi. Ka ɗauki lambobin taswirar da ke jikin takarda ka gwada su da na'urar GPS kana tsaye a wurin.

Na biyu, yarda da kwafin takarda ba tare da bincike a ofishin filaye ba. A can ne za ka ga ko an jinginar da gidan, ko an soke takardar, ko ana bin kuɗin ƙasa na shekaru. Filin awon igiya da takardar mai unguwa kawai yake da ita yana da kasuwarsa, amma ba a yi masa kuɗin mai satifiket, kuma dole rahoto ya faɗi haka ƙarara. Ka duba ko yana ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko kan hanyar ruwa, ko cikin filin da aka ware wa makaranta.

Na uku, barin mai gida ya faɗi adadin da yake so. Zai ce bashin miliyan 50 yake nema, a taimaka a kai gidan 80. Ranar da ya kasa biya banki ya fitar da gidan kasuwa, sunanka ne a takarda.

Na huɗu, haɗa kuɗin haya na masu gida da kuɗin aljihu. Asusun amana daban, na ofis daban, kuma kowane mai gida ya samu bayanin shiga da fita a rubuce. Wannan kuskure ya rufe ofisoshi fiye da rashin ciniki.

Ka kuma koyi Excel sosai tun kana aji biyu, da AutoCAD gwargwado, da manhajar taswira irin QGIS wadda kyauta ce.

Wani fanni na karanta. Zan iya shigowa? Ƙasashen waje fa?

Za ka iya, ta difilomar gaba da digiri a sashen da aka amince da shi, ko ta jarrabawar NIESV daga matakin farko. Digiri na biyu shi kaɗai ba ya ba da hatimi, don haka ka tambayi ƙungiyar matsayin takardarka kafin ka biya kuɗin makaranta. A Ghana, Jami'ar Kwame Nkrumah da ke Kumasi tana koyar da tattalin ƙasa da harkar gidaje, rajista kuma ta ƙungiyar safiyoyin Ghana ce. A Ingila Jami'ar Reading ta yi suna a fannin, kuma ƙungiyar ƙwararrun safiyoyi da masu ƙiyasi ta can, RICS, ce take ba da shaidar da ƙasashe da yawa suke karɓa. Lissafin ƙiyasi ɗaya ne ko'ina, dokar ƙasa ce take canzawa, don haka wanda ya karanto a waje sai ya zauna ya koyi dokar 1978 kafin ya taɓa fayil a nan.

Idan na yi rajista, me ake buƙata don buɗe ofis?

Rajistar suna a hukumar CAC, da amincewar ESVARBON da NIESV ga ofishin kansa, da lambar haraji, da takardar SCUML, sashen hana halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, wadda banki zai nema kafin ya buɗe maka asusun kamfani. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ga mutum, miliyan 10 ga kamfani, sai ta banki, don haka cinikin gida da buhun kuɗi a but ɗin mota yana iya kai ka gaban hukuma ko da kuɗin na halal ne. Idan za ka sa hannu a ƙiyasin da zai shiga rahoton kuɗi na kamfani, sai ka yi rajista da Majalisar Rahoton Kuɗi ta Najeriya. Bankuna kuma ba sa ba kowa aiki sai wanda suka sa a jerin masu yi musu ƙiyasi, kuma kafin su sa ka za su nemi shaidar shekarun aiki, da samfurin rahotanninka, da inshorar da za ta biya idan kuskurenka ya jawo musu asara.